Kwalbar Da Na Jefi Abokina Da Ita

A lokacin da abin nan ya faru ina saurayi ɗan shekara ashirin da takwas, ƙaramin ma'aikaci a laburaren jami'ar da ke nan Wudil. Ni ɗan Lajawa ne, mahaifina manomi, kuma ni ne na farko a gidanmu da ya samu aikin albashi, don haka a ƙauye kallon mutumin kirki ake yi mini, ni ma haka nake kallon kaina. Ba na shaye-shaye, ba na caca, ba a taɓa kai ƙarata wurin kowa ba, har an sa mini ranar aure. Aibina guda ɗaya, wanda a lokacin ban ma san aibi ba ne, shi ne ƙwallo. Ba bugawa ba, kallo. Ranar da aka ci ƙungiyar da nake goyon baya ko abinci ba na iya ci, wanda duk ya yi mini magana kuwa zai ji babu daɗi. Mutane dariya suke yi, su ce ai haka wane yake, ni kuma sai na ɗauki abin kamar wani ado.

Ina da aboki a wurin aiki, Kirista ne daga kudancin Jihar Gombe, yana ɗakin gwaje-gwaje na sashen kimiyya, wuni yake yi yana leƙa madubin nan na duba ƙananan halittu. Ya girme ni da shekara biyu, siriri ne mai tabarau, Hausarsa kuwa ta fi ta wasu Kanawan. Gida ɗaya muke haya, ƙofar ɗakinsa na kallon tawa. Da azumi shi yake sayo mini ƙanƙara kafin in dawo daga aiki. Da kaka na taɓa kai shi Lajawa, ya cire riga ya shiga cikin masu cirar gyaɗa har yamma, tun daga ranar mahaifiyata ba ta kiransa da komai sai ɗana. Abin da ke haɗa mu faɗa ɗaya ne, mutum ne mai tsokana, idan ya samu inda ke maka ciwo ba ya saki sai ya ga ka murtuke fuska, sannan ya rungume ka yana dariya.

Masu kallon ƙwallo sun san gasar nan ta ƙasashen Turai da ake raba su aji-aji, manyan ƙasashe a ajin farko, wadda kuma ta zo ta ƙarshe a rukuninta a sauke ta zuwa aji na biyu. Mu nan babu wanda ya taɓa taka ƙasashen, amma kowa ya zaɓi tasa, yawanci saboda wani ɗan wasan kulob ɗinsa. A wannan karon sai aka haɗa tawa da ta abokina a rukuni ɗaya na ajin farko, tawa kuma ta fara gasar da shan kashi a jere. Nan fa ya samu abin yi. Ya laƙa mini suna ɗan aji biyu, ya yaɗa shi a guruf ɗinmu na waya, ya kai shi teburin mai shayi, har ɗalibai suka fara faɗa ƙasa-ƙasa idan na wuce. Wata rana ya shigo laburare ya ajiye mini littafin rubutu na 'yan firamare da fensir a kan tebur, a gaban 'yan mata, ya ce in fara shiri. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Ban taɓa zaunar da shi na ce masa abin nan yana ci mini rai ba, don a ganina faɗin hakan rauni ne. Sai na yi ta tarawa a ciki.

Wasan ƙarshe na rukunin tsakanin ƙasashenmu biyu ne, ranar Lahadi bayan la'asar. Tawa canjaras ma ya ishe ta ta zauna a ajin manya. Muka je gidan kallo muka tarar janareta ya lalace, mutane na ta watsewa, sai ya ce mu koma ɗakinsa tunda yana da sola. A hanya ya saya mana soyayyen kifi da lemon kwalba biyu. Mu biyu ne kaɗai a ɗakin, ni a kan kujera, shi a bakin katifa. Aka yi ta wasa ɗaya da ɗaya, har na fara jin sanyi a raina. Saura 'yan mintoci a tashi alƙalin wasa ya ba ƙasarsa bugun daga kai sai mai tsaron gida, suka ci. Ya daka tsalle, ya shiga rawa a gabana yana tafi irin na 'yan makaranta, yana cewa gobe da sassafe zai raka ni wurin tela a auna mini yunifom. Na ce ya bari. Na sake cewa ya bari. Ya sunkuyo yana dariya har da hawaye. Kwalbar lemon tana hannuna, ban ma sha rabi ba. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa bango na nufa, amma tunda na zauna rubuta gaskiya, gara in rubuta ta duka. Shi na nufa.

Kwalbar ta same shi a kan tabarau. Ƙarar ba ta da yawa. Ya dafe fuskarsa da hannu biyu ya durƙusa, bai yi ihu ba, sai wani nishi, jini kuma ya fara bin tsakanin yatsunsa yana ɗiga a kan leda. Na tsaya kamar an dasa ni. Talabijin na nan a kunne, an tashi wasa, 'yan wasan ƙasashen biyu suna rungumar juna suna musayar riguna suna dariya. Shi ne ma ya ce mini in ɗauko tawul in tayar da babur. A asibitin garin nan suka duba suka ce gilashi ya shiga cikin idon dama, ba aikinsu ba ne, mu wuce Kano. Muka ɗauki shatar mota.

Muna haye gadar Wudil ya matso kusa da ni, tawul a fuskarsa, ya yi magana a hankali don kada direba ya ji. Ya ce duk wanda ya tambaya in ce murnar ci yake yi, santsi ya kwashe shi ya faɗa kan kwalba. Ya ce idan gaskiya ta fita ba za ta tsaya tsakaninmu ba, kafin gobe za a ce Musulmi ya tsiyaye wa Kirista ido, yaran cocinsu za su taso, namu ma su taso, wanda bai san komai ba ya rasa ransa a kan wasan da aka buga a wata duniya. Ya ce kuma aikina zai tafi, aurena ma haka. Mutumin da jini ke zuba daga idonsa ne yake wannan tunanin. Ni kuwa abin da ba zan taɓa yafe wa kaina ba shi ne saurin da na yi wajen cewa to. Ban yi musu ko sau ɗaya ba. Wani sauƙi na ji ya sauko mini tun daga kai har ƙafa.

Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, idon bai tsira ba, cire shi aka yi. Kwana biyu bayan aikin mahaifiyarsa ta iso, tsohuwa gajeriya, gwauruwa, shi ne babban ɗanta. Da aka nuna mata ni aka ce ga wanda ya ɗauko shi ya kwana a kansa, sai matar nan ta durƙusa a tsakiyar ɗakin marasa lafiya ta kama hannuna biyu tana kuka tana sa mini albarka. Ta ce ɗanta ya sha ba ta labarina, yau ta gani da idonta, Allah ya ba ni 'ya'ya masu jin ƙaina yadda na ji ƙan nata. Na ce Mama ki tashi, ba komai. Abokina yana kwance da bandeji, ya juya fuskarsa bango. A wurin aiki ma yabo na sha. Shugaban sashensu ya kira ni ofis ya yi mini godiya, fastonsu ya zo har gida ya ce irin zaman da ake so ke nan.

Daga nan na yi laifi na biyu, wanda daga baya na gane ya fi na farko. Da ya dawo gida aka sa masa idon roba, sai na kasa kallon fuskarsa. Idon ba ya motsi tare da ɗayan, ko'ina na tsaya sai in ga kamar ni yake kallo. Na fara fita tun kafin ya tashi, in dawo in shige ɗaki in rufe ƙofa. Ina jin sa yana zuba ruwa a kofi yana zubarwa a ƙasa, don ya daina gane nisan abu. Ina jin sa yana cin karo da ƙofa. Babur ya gagare shi hawa, aikin madubi kuma idan ya yi awa ɗaya ciwon kai ya kwantar da shi. Duk ina sane, amma gaisuwa kawai nake yi daga nesa in wuce. Da aka ɗaura aurena na tashi daga gidan, na ji kamar an sauke mini kaya. Ya zo ɗaurin auren har Lajawa da baƙin tabarau, mahaifiyata ta riƙe shi tana kuka, ni kuwa na yi ta ɓuya cikin jama'a.

Wata bakwai da dawowarsa daga asibiti ya ajiye aikin. Ba daga bakinsa na ji ba, a wurin mai shayi na ji cewa yana tasha da kayansa. Na je da gudu na same shi zaune a kan jakarsa yana jiran mota ta cika. Na durƙusa na fara ba shi haƙuri, karo na farko tun ranar. Ya bar ni na gama, sannan ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Maganar ido na yafe maka tun a cikin mota, ni ma da laifina, na matsa maka. Amma ni na yi ƙarya don in rufa maka asiri, kai kuma ka bar ni da ita ni kaɗai. Mutum ɗaya ne a duniya zan iya zama da shi ba sai na yi ƙarya ba, shi ne kai, kuma ka gudu. Wannan ita ce ban san yadda zan yi da ita ba." Kwandasta ya kira, ya miƙo mini hannu muka gaisa, ya shiga mota.

Na kasa riƙe abin, ranar Juma'a na tafi gida na samu Baba a gona na faɗa masa komai. Ya yi ta kakkaɓe ƙasa daga fartanya. Daga ƙarshe ya ce bai haife ni don in riƙa karɓar addu'ar da ba tawa ba, in tashi in je in gaya wa mahaifiyar abokina gaskiya, abin da ta yanke a kaina shi ke nan. Daga baya na yi tafiyar zuwa garinsu. Abokina ya tare ni a bakin hanya kafin in isa gidan, yanzu yana koyarwa a wata ƙaramar makarantar sakandare. Da ya ji abin da ya kawo ni ya ce bai yarda ba. Ya ce tsohuwar tana fama da hawan jini, kuma kullum da safe idan tana addu'a sai ta ambaci sunana bayan na 'ya'yanta, ba zai bari in karɓe mata wannan don kawai ni in samu sauƙi ba. Haka na shiga na gaishe ta, ta dafa mini abinci, ta cika mini galan da zuma. Har yau duk shekara sai ta aiko da zumar nan Wudil. Matata ta san komai yanzu, ita ke karɓa ta rabar wa maƙwabta, don ni ba ta wuce mini maƙogwaro.

Na tambayi malamai, sun ce tunda mai haƙƙi ya yafe, in yawaita istigfari in kyautata masa. Ina yi gwargwadon iko, ina kiransa, wani lokaci ya ɗauka mu gaisa, wani lokaci ya bari wayar ta katse. Ba mu taɓa komawa yadda muke ba, kuma ba na jin za mu koma. An ce mini ƙasar da na yi wa wannan haukan ta koma ajin farko tuni. Ban gani ba, na daina kallo.

Abin da na koya shi ne fushin da mutane ke yi wa dariya su ce haka wane yake, shi ne mafi haɗari, don babu mai tsawata maka a kansa sai ya yi ɓarna. Samari masu cika gidajen kallo, ba na ce ku daina ba, amma idan ka ji zolaya ta fara yi maka zafi, buɗe baki ka faɗa tun da sauran dariya, ko ka tashi ka fita. Kai kuma mai tsokana, idan aboki ya ce ka bari, to ka bari. Wanda kuma ya riga ya cuci wani, ina roƙonsa kada ya yi irin tawa. Kunya za ta ce maka ka ɓuya, kada ka saurare ta. Je ka zauna kusa da shi, ka zuba masa ruwa, ka kalli abin da hannunka ya yi ko da kallon zai hana ka barci. Ni na samu wata bakwai cur da zan yi hakan, kafin aurena ma ƙofata na kallon tasa, ban yi ba.