Hancin Jirgin Kyaftin

Ina goge ƙafar wani tebur a shago wayata ta yi ƙara. Babbar 'yar abokina ce. "Baba kafinta," ta ce, sai ta fashe da kuka. Ban bari ta ƙarasa ba. Na zauna a kan garin katako, na rasa yadda zan yi da hannuwana.

Kyaftin muke ce masa, alhali bai taɓa taka matakalar jirgin sama ba. Gyaran janareta ne sana'arsa. Bango ɗaya ya raba shagonsa da nawa tun muna samari, in ya yi atishawa ni ke amsa masa.

Tun yana yaro jirgin yaƙi irin na da, mai farfela a hanci, ya shiga ransa. Da furfura ta fara fito masa sai ya ce zai ƙera nasa, babba, wanda ake tuƙawa da rimot daga ƙasa. Ni na yanka masa haƙarƙarin fukafukan da katako mara nauyi. Da muka haɗa su suka fi gadonsa tsawo, matarsa ta kore mu baranda.

Hancin ne ya fi cin ransa. Da hannu ya buga shi daga fallen alminiyam, yana lanƙwasawa yana shafawa, har ya fito sumul.

A kan injin fetur muka yi ta rigima. Guda biyu ya samu. Ƙaramin, na yankan ciyawa, ya shige cikin hancin kamar don shi aka yi. Amma da muka ɗaure jirgin da igiya muka tayar, da ƙyar igiyar ta miƙe. Babban kuwa daga zarton sare bishiya ya ciro shi. In ya tashi har kwanon rufi rawa yake, sai dai kansa da fulogi ba sa shiga sai an yanke ƙasan hancin.

"Yanke mana, mutumina, ya tashi mu gani," in ce masa.

"Kai kafinta, komai zarto! Ko jariri aka miƙo maka, cewa za ka yi a rage masa ƙafa."

Haka muka yi ta yi, jirgi bai tashi ba. Sai ciwo ya zo. Hannunsa ya fara rawa, sukundireba na suɓuce masa. Tuƙi da rimot kuwa yatsu masu natsuwa yake so. Duk mun san ba zai tuƙa shi ba.

Zuwana na ƙarshe da la'asar ne. Yana kwance, ya rame, jirgin na rataye a saman gadon inda ya sa aka ɗaura masa. Ya daɗe yana kallonsa. Allah ya jiƙan abokina, har a lokacin idonsa na ƙyalli.

"Kafinta, in na ɗan ji ƙarfi, ka zo da ƙaramin zartonka. Babban za mu sa."

"Bayan duk zagin da na sha?"

"In yana sama, wa zai leƙa ƙasan hancinsa ya gane?"

"Kowa ma. Daga ƙasa fa ake kallo."

Ya yi dariya har tari ya kama shi.

"To ka yanka a hankali. Ni bango zan kalla."

Na ce, "Ba za ka ma ji ƙarar ba, Kyaftin."