Gidan Wuta na Babba Ne

Ranar kasuwar Batsari ce, a kakar shekarar da na shiga aji huɗu, Yaya Lawal ya shigo gida da batirin mota ɗaure a bayan keke, gumi har cikin idonsa. Ya sauke shi a rumfar Inna kusa da dammunan gero, ya jona wa 'yar talabijin ɗinmu mai baƙi da fari, sannan ya fito da wani akwati ruwan toka da kawunmu ya aiko masa daga Legas cikin kayan gwanjo. Ya hure wani kaset, ya danna shi cikin akwatin. Sai ga wani guntun mutum mai hula yana gudu, yana tsallake ramuka, yana tattake kawunan wasu halittu. Ranar ƙauyenmu na ƙasar Ruma ya fara ganin abin da ake kira gem. Inna ta leƙo da taɓarya a hannu ta ce, "Shi wannan ɗan tsurut ɗin ina za shi da sauri haka?" Yaya ya ce wata mata dodo ya sace, ita za shi ɗaukowa.

Tun daga nan ba mu da buri sai mu ga matar. Matsalar ita ce akwatin ba ya riƙe komai. In ya mutu, ko ina ka kai, daga farko za ka sake farowa, batirin kuma ba ya ganin caji sai wata kasuwar. Saboda haka muke rawar jiki mu gama aiki da wuri. Shi ya dawo daga yankan dawa ya zuba wa shanun huɗa harawa, ni in ɗebo ruwa, in share turken awaki, in taya Inna surfe, bayan la'asar mu baje a tabarma. Muna da tsarinmu. Ni ke cin filin sarari, inda ake tsalle-tsalle, don na haddace kowane rami. Da zarar an iso gidan dodo mai ƙoramar wuta, sai in miƙa masa madannin, ko da hannuna na ƙaiƙayi. "Gidan wuta na babba ne," in ji shi, kuma ba a ja.

Duk gidan da ya ci, sai wani rubutun Turanci ya fito. Na kwafa na kai wa malamin ajinmu, ya ce ma'anarsa matar ba ta nan, an wuce da ita gaba. Haushi ya kama ni. Na ce wa Yaya ai ita ma sakarya ce, me ya hana ta gudu? Ya yi dariya har da buga ƙafa, ya ce, "In ke ce, Hinde, dodon da kansa zai maido ki don surutu." Sau ɗaya tak muka kai ƙofar gidan ƙarshe. Ina miƙa masa madannin hoton ya fara tsukewa daga gefe, ya koma ɗan ɗigon fari, ya ɓace. Yaya ya zauna yana kallon baƙin gilashi har aka kira magariba. Daga baya girma ya zo, akwatin ya shige ƙarƙashin gadon Inna.

Shekaru suka ja, na yi aure a Katsina. Wata kaka na zo gida taya roron wake, da hantsi 'yan bindiga suka fito daga daji a kan babura, aka kora mu gaba kamar awaki. A can na gane abin da ke hana mace gudu. Ba takalmi, ƙaya ko'ina, ga bindiga a kanki, kuma ba ki san gabas daga yamma ba. Yaya ne ya ɗauki kuɗin fansar da suka nema ya shigo dajin. Wanda ya raka shi bakin daji ya ce duk inda ya isa sai a kira shi a waya a ce ya ƙara gaba. Bai juya ba. Na gan shi a gindin wata tsamiya, leɓensa ya tsattsage, ya dube ni ya ce, "Ashe suna da haƙuri, na zaci tuni sun maido ki." Suka sake ni, suka riƙe shi. Har yau ba mu samu ko gawar da za mu sallata ba.

Yanzu ƙauyenmu ya zama kufai, Inna tana wurina, kuma a cikin kayanta ɗana ya tono akwatin. Gidanmu akwai sola, hoto ba ya tsukewa, ana iya wuni ana bugawa. Wata Juma'a na karɓa na gwada, ashe yatsuna ba su manta ramukan ba. Na yi ta ci, har gidajen dodon, raina ba daɗi, sai ga ni a ƙofar gidan ƙarshe. Ban san lokacin da na miƙa madannin gefena na dama ba, inda babu kowa. Ɗana ya ce, "Umma, shiga mana!" Na ajiye, na kashe akwatin. Kewar Yaya ta danne ni.

Har yau ban ga matar ba. Wannan ƙofar ta Yaya ce, ina ajiye masa.