Bargon da Yaya Asabe ta ɗinka mini

Ranar Talata da hantsi, ina tsakiyar mitin a ofishin darakta, wayata ta dinga rawa a aljihu. Sau uku ina danne ta. A karo na huɗu na leƙa ta ƙarƙashin tebur, na ga sunan Binta, 'yar yayata. Na nemi izini na fita baranda. Ko sallama ba ta iya yi ba, abin da na ji kawai shi ne, "Kawu, Mama ta rasu." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta ce lafiya lau suka karya kumallo, Yaya ta hau keke ta fara ɗinki, sai ta ce jiri take ji, bari ta ɗan kishingiɗa. Kafin a samo motar asibiti rai ya yi halinsa. Bayan azahar muka kai ta makwancinta.

Yaya Asabe ita ce babba a ɗakinmu, ni ne auta. Mahaifiyarmu ta rasu ina aji biyu na firamare a Funtuwa, daga nan na koma hannunta. Ita ta yi mini wanka, ita ta cire mini ƙaya a ƙafa, ita ta tsaya a kaina har na iya karatu, alhali ita ko bakin aji ba ta taɓa takawa ba. Aure ya kawo ta Abuja. Da mijinta ya rasu aka yi ta fama da ita ta koma gida, ta ƙi. Ta kama ɗan shago a Jikwoyi, ta kafa kekenta na ɗinki, da shi ta riƙe 'ya'yanta huɗu. Da na gama jami'a na zo neman aiki, a ɗakinta na yi wata bakwai, kuma kaftanin da na sa ranar da aka kira ni intabiyu ɗinkinta ne.

Duk wanda ya zauna a layinsu ya san halinta. Tela ce da ba ta cewa gobe alhali jibi take nufi, kuma wanda ya taɓa kai ɗinki ana gobe Sallah ya san wannan ba ƙaramar shaida ba ce. Da Sallah shagonta cike, da Kirsimeti ma cike. Idan ta hango yaga a jikin rigar wani, ko ba ta san shi ba, sai ta miƙa hannu ta ce, "Kawo in gani." Ba ta zubar da ƙyalle. Akwai buhu a ƙarƙashin teburinta, duk guntun da almakashi ya bari nan yake shiga, daga baya ka gan shi ya zama hular jariri ko jakar allo. In kuma ka zo mata da fushi, ba ta tanka maka sai ta ajiye kwano a gabanka ta ce, "Ci tukuna, faɗan ba zai gudu ba." Mutane da yawa sun ci, sun tashi sun manta abin da ya kawo su.

Wannan duka an faɗa a zaman makoki, kuma an faɗa fiye da yadda zan iya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Akwai abin da na yi mata, na kasa haɗiye shi, kuma ina ganin ba a san Yaya Asabe sosai ba sai an san yadda ta ɗauke shi.

Bayan dawowar mulkin farar hula, abubuwa suka buɗe wa irinmu ma'aikatan gwamnatin tarayya. Albashi ya ƙaru, na samu ƙarin girma, na sayi mota, na samu gida a Gwarimpa. Tun daga lokacin Jikwoyi ta fara yi mini nisa. Kullum ina da uzuri, kuma uzurin ɗaya ne, cunkoson motocin Nyanya. Ita kuwa cunkoson bai taɓa hana ta zuwa ba, a bas take shigowa.

Da za mu tare na shirya walima, na gayyaci manyan ofis. Kowa ya zo da abin arziki, wani darduma, wani agogon bango. Ana tsaka da hira sai ga Yaya ta yi sallama, ta rungumo wata ƙatuwar jaka irin ta 'yan kasuwa, gumi ya jiƙe mata mayafi. Ta dire jakar a tsakiyar falo ta fara jan zif, fuskarta cike da murna. Na hango gefen abin da ke ciki, launi barkatai, ja kusa da kore, atamfa kusa da shadda. Na yi wuf na dafe jakar na ce, "Yaya, bari a kai ciki, an jima ma duba." Darakta ya tambaya wace ce. Na ce, "Wata 'yar'uwarmu ce daga Jikwoyi." Haka na faɗa. Ban ce yayata ce ba, balle in ce ita ta raine ni. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta wuce kicin, ta ɗaure zane ta kama wanke-wanke.

Sai bayan kwana biyu muka buɗe jakar ni da matata Hauwa. Bargo ne babba mai nauyi, an haɗa shi da guntayen ƙyallaye, kowanne kamar faɗin tafin hannu, an shimfiɗa auduga a tsakani, an yi masa shafi da farin yadi, sannan aka bi shi da allura layi bayan layi. Hauwa ta shafa shi ta ce, "Wannan aiki ne fa. Mu shimfiɗa shi a ɗakinmu." Na ce bai dace da labulayen ba. Ya tafi sito. Da damina ta faɗi, ruwa ya fara dukan janareton da ke bayan gida, sai na tuna da shi. Na ɗauko na lulluɓe injin. Ba Hauwa ba ce, ba kuma wani ya ba ni shawara ba, ni na yi da hannuna.

Wata Asabar Yaya ta kawo mana kuka da daddawa. Ita ba ta son alwala a banɗaki, ta fi son famfon waje, don haka ta zaga baya. Ina tsaye a tagar kicin na ga ta ja ta tsaya. Ta ɗaga bargon. Ruwa ya jiƙa shi, baƙin mai ya ɓata gefe guda, salansa kuma, bututun da injin ke fitar da hayaƙi, ta ƙone wani wuri a kusa da tsakiya. Ta daɗe tana kallon ƙunar. Sannan ta ninke shi, ta buɗe jakarta ta ciro tef ɗin awo, wanda ba ta rabuwa da shi. Na fito na ce, "Yaya..."

Ta miƙo mini bakin tef ɗin ta ce, "Riƙe mini nan."

Na riƙe. Ta auna tsawon injin da faɗinsa da tsayinsa, tana motsa baki tana haddacewa.

"Auta," in ji ta, "wannan injin naka ba bargo yake so ba, tampol yake so. Auduga tana riƙe ruwa, tsatsa za ta sa masa."

Ta yi alwalarta, ta yi salla, ta ci abinci, ta tafi da bargon. Bayan mako biyu ta dawo da ƙunshi biyu. Ɗaya rigar tampol ce da ta ɗinka wa janareton, ta zauna masa cif, har da ƙofar da ta bar wa salansa. Ɗayan bargon ne, an wanke shi fes, wurin da ya ƙone an cire an sa sabon ƙyalle. Ta ce, "Ga na injin, ga naka. Kada a sake musanya musu kaya." Ta yi dariya. Ni ma na yi dariya, Allah Ya yafe mini. A nan ya kamata in durƙusa in ce ta yi haƙuri, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "An gode, Yaya." Na kai ta tasha na dawo.

Bargon ya koma saman wadirob. Da farko raini ya hana ni shimfiɗa shi, daga baya kunya. Shekara uku ina ɗauke da maganar. Duk Sallah in na kama hanyar Jikwoyi sai in shirya abin da zan faɗa, in na isa ta tarbe ni da fara'a ta ajiye tuwo, in ci, mu yi hirar yara, in tashi. Har na fara lallashin kaina cewa abin bai dame ta ba. Ai da ya dame ta, da ba ta yi dariya ba.

Kwana biyu da rasuwar, ina zaune a ƙofar gidan Yaya, maƙwabciyarta Mama Rifkatu ta yafito ni. Mutuniyar Filato ce, tana sayar da kayan masarufi a shagon da ke jikin na Yaya, sun fi shekara goma suna zama a benci ɗaya. Idanunta sun kumbura. Ta ce, "Oga Auta, sannu fa. Wancan bargo yana nan?"

Na ce yana nan.

Ta ce, "Wata biyar ta yi a kanshi. Keke ba ya iya cin auduga ɗin, so da hannu ta yi. Ido nata ya rage, ni ne nake sa mata zare a allura. Har Funtuwa ta je ta buɗe akwatin Mama naku. Ta gaya mini kowane ƙyalle, amma na manta da yawa. Shuɗi ɗin nan, rigan makaranta naka ne. Fari mai layi-layi, ragowan kaftani ne da ka je intabiyu. Na tsakiya kuma, mai ganye-ganye, zanin Mama naku ne, da shi aka goya ka. Shi kaɗai ya rage, sauran asu ya ci."

Na ce, "Babu mai ganye a tsakiya."

Ta dube ni ta ce, "Shi ne ya ƙone. Ta yanka zani nata ta sa a wurin. Ranan da ta dawo da shi daga gidanka, nan ta zauna, a wannan benci, ta yi kuka har na rufe mata shago. Ta ce kada in gaya maka, wai kana da aiki mai yawa a kanka. Amma yanzu ta tafi, ni ba zan iya riƙe shi ba."

Ban san yadda na tuƙa mota na isa gida ba. Na sauko da bargon na shimfiɗa a ƙasa, ni da Hauwa muka durƙusa a kansa. Na gane shuɗin, na gane farin, na gane zanen Yaya a tsakiya, don na sha ganinsa a jikinta. Sauran ƙyallayen, masu yawa, ban san na wane ne ba. Ranar walima ta zo ne ta nuna mini su ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na dafe jakar. Yanzu babu wanda zan tambaya.

Washegari aka yi addu'ar uku. Bayan an shafa, liman ya roƙi jama'a, kamar yadda aka saba, duk wanda marigayiya ta saɓa wa ya yafe mata. Ko'ina aka amsa, "Mun yafe, ba ta yi mana komai ba." Ni kuwa me zan yafe? Ni ne mai nema, kuma a duk taron nan babu wanda zai iya ba ni. Da aka watse na bi liman na tambaye shi abin da mutum zai yi idan ya ɓata wa wani rai, wanin ya rasu bai nemi gafararsa ba. Ya ce in yawaita mata addu'a, in yi sadaka da sunanta, in riƙe 'ya'yanta kamar nawa. Na ce zan yi, in Allah Ya yarda. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Sauran kuma ka bar wa Allah, Malam. Amsar da kake so ka ji, mai ba da ita ta riga ta tafi."

Na rubuta wannan ne don in faɗa a gaban jama'a abin da na kasa faɗa a falona. Asabe yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta raine ni, kuma duk abin da ake gani a jikina daga hannunta ya fito.

Allah Ya jiƙan Yaya Asabe, Ya gafarta mata, Ya haskaka kabarinta, Ya sa haƙurin da ta yi da mu ya zama sanadin shigarta Aljanna. Allah Ya ba Binta da ƙannenta juriyar wannan rashi, Ya raya su, Ya ba ni ikon tsaya musu ko da rabin yadda uwarsu ta tsaya mini. Allah Ya sanyaya zuciyar Mama Rifkatu da duk maƙwabtan da za su riƙa wuce shagon nan a rufe. Ya Allah, idan ta yafe mini a ranta ba ta faɗa ba, Ka karɓa mini. Idan kuma ta tafi da abin a zuciyarta, Ka ba ta daga falalarKa har ta yarda ta yafe wa ƙanenta ranar da za mu tsaya a gabanKa. Amin.