Yotamu da Toron Giwar da Ya Fasa Rumbu

Shekara ashirin da biyu Yotamu Sakala ya yi yana tuƙa Turawa cikin gandun dajin Luwangwa, kuma in ka tambaye shi abin da ya fi ba shi wahala, ba zai ce maka zaki ba, ba zai ce ɓauna ba. Tambaya zai ce. An tambaye shi ko dorina tana ƙwai. An tambaye shi ƙarfe nawa ake sako damisa. Wata tsohuwa ta taɓa roƙonsa ya matsar mata da raƙumin dawa gefe kaɗan, wai rana na bayansa, hoton ba zai fito ba. Duk ya haɗiye ya yi murmushi, don murmushin ma cikin aikin yake. Sai ya koma gida yake sauke wa matarsa Esinati tsakin da ya tara tun safe.

Ubansa maharbi ne, shi ya koya masa karatun sawu tun bai shiga makaranta ba. Yotamu kan leƙa daga kujerar mota ya gaya maka abin da ya wuce, da lokacin da ya wuce, da ko a ƙoshe yake. Kuma bai iya ɓoye wannan baiwa ba, ko kaɗan. Babu gidan biki ko gidan rasuwa a ƙauyensu da bai cika wa mutane kunne da ita ba. To, bakin nan nasa shi ya ja masa.

Wata safiyar Satumba, lokacin da a ƙasarsu rani ya kai rani, shi da Esinati suka dawo daga zaman makoki a wani ƙauye suka tarar babu rumbu. Ba wai an taɓa shi ba, a'a, an kwantar da shi ƙasa an tattake. Masarar da Esinati ta noma da hannunta damina guda, ta yi gadinta da gwangwani da hayaƙin barkono, abin da ya saura bai cika buhu biyu ba. Ba ta yi kuka ba. Hannu ta riƙe a ƙugu.

"Baban Tisa," ta ce wa mijin nata, "dubi ƙasa."

"Ina gani."

"Ba irin ganin da kake wa kwanon tuwon nsima ba. Irin wanda kake yi wa Turawa."

Ai tun daga bakin shinge ya riga ya gani. Toro ne guda, yana jan ƙafar baya ta hagu. A duk kwarin nan toro ɗaya ne ke jan wannan ƙafa, wanda direbobi suka laƙaba wa suna Kansila, saboda shi ma sai lokacin ci ake ganinsa.

"Sawun ya cakuɗe," in ji Yotamu.

"Ƙarya kake, kuma ba ta yi maka kyau ba. Rumbu na uku ke nan a garin nan. Dagaci ya ce ma'aikatan daji za su zo da la'asar, sun ce in an sami wanda ya shaida giwar za su harbe ta. Kowa ya san wa za a tambaya."

Ya ce ya makara aiki, ya hau kekensa ya gudu.

Ranar kuwa, don abin ya ƙara masa zafi, baƙin da aka ba shi masu son giwa ne. Mata da miji ne daga Holan, matar da littafi da na'urar hangen nesa, mijin da kyamara kamar taɓarya. Yotamu ya yi ta kewaye da su, ya nuna musu jakin dawa, ya nuna musu kadoji, ya tsaya a kan wani tsuntsu har minti goma, duk don kada ya bi ta gindin tsamiyar da ya san ɗan banzan yana hutawa. Ina! Suna karya kwana sai ga shi tsaye a tsakiyar hanya, ciki ya yi ɗam, ido a lumshe, ko a jikinsa. A bayansa ga tulin kashi yana tururi, ƙwayar masara fara fat a ciki.

"Wayyo, kalle shi!" in ji matar, har da ƙwalla. "Yotamu, kullum haka yake, salihi?"

"Wani lokaci, madam."

"Me ya ci haka ya ƙoshi?"

"'Ya'yan itace, madam."

Ya ji kamar ya sauka ya tsinka masa mari. Masarar matarsa ce a kwance a kan titi, Bature na durƙushe a mota yana ɗaukar ta hoto. Ya dubi Kansila ya ce da harshen gida, a hankali, yana murmushin aiki, "Ɓarawo, marar kunya, Allah wadaran halinka. Ga daji har Malawi, sai rumbuna?" Matar ta tambayi abin da ya ce. Ya ce gaisuwa ce irin ta gargajiya. Ta rubuta a littafinta.

Abin da ya fi ba shi haushi shi ne, ya kasa tsanar dabbar yadda ya kamata. Shekara goma sha bakwai da suka wuce shi ya tsinci wannan toro da wayar tarko ta nutse masa a ƙafa, tana wari. Shi ya kira likitocin dabbobi, shi ya tsaya yana kwara masa ruwa a kunne har aka yanke wayar. Tun daga nan, duk ranar da daji ya yi shiru, baƙi suka fara shan kunu, Kansila ke fitar da shi kunya. Yakan zo har jikin mota ya tsaya a ɗauke shi. Rabin wasiƙun yabon da ke cikin akwatin Yotamu, in za a faɗi gaskiya, na Kansila ne.

Ya yanke shawara a hanyar gida: zai ce bai gane ba. Esinati ta yi fushinta na wata guda, ya saba.

Ya tarar da ƙofar gidansa cike. Wasu har da wuƙaƙe da buhuna, don naman giwa in ya faɗi na gari ne, kuma rabon wasu da nama tun Kirsimeti. Ma'aikata uku ne suka zo da bindigogi. Babbansu, wani mai furfura da ake kira Ofisa Lungu, ya san Yotamu tun suna samari.

"To, malamin sawu, wace ce?"

"Ranka ya daɗe, mutane sun tattake wurin."

"Na kife kwando a kan sawu huɗu," in ji Esinati daga bayansa. "Babu wanda ya taka."

Aka yi dariya. Yotamu bai yi ba. Lungu ya ja shi gefe, ya rage murya.

"Ka ji, abokina, ni ma ba son aikin nan nake ba. Amma dubi mutanen nan. In na tafi hannu rabbana, gobe guba za su zuba a kabewa, ta kashe giwa goma. Yau sai giwa ta faɗi. In ka nuna mana mai laifin, shi ke nan. In ba ka nuna ba, duk wadda ta fara tsallako kogi ita ce."

Yotamu ya san wadda ke fara tsallakowa. Wata uwa ce mai ɗa ɗan wata biyar, ba ta taɓa cin ko zangarniya ɗaya ta kowa ba, ruwan fadama kawai take zuwa sha. Ya dubi kwandunan nan huɗu, ya dubi matarsa da buhunta biyu. Wani baƙin ciki ya rufe shi, na Lungu, na Esinati, na shegen toron da ya rasa abin ci sai abin mutane, da na bakinsa da bai taɓa iya rufewa ba.

"Toro ne," ya ce. "Yana jan ƙafar baya ta hagu. Haurensa na dama ya guntule."

"A ina yake tsallakawa?"

"Mashigin da ke ƙasan makarantar firamare. Shi kaɗai yake zuwa, kafin rana ta faɗi."

Lungu ya duba agogo. "Mashigi uku ne a wurin, mu ba mu san wanne ba. Kai za ka kai mu."

Yotamu ya buɗe baki zai ce yana da baƙi da yamma, sai ya fasa. Ya ce wa Esinati ta kira masaukin baƙin da yake wa aiki ta ce a ba wani direban motarsa, ba shi da lafiya. Ta matso za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu.

Ya shiga ɗaki ya cire rigar aikinsa mai hoton giwa a aljihu, ya ninke ta a kan gado, ya saka tsohuwar rigar gona. Sannan ya fito ya wuce gaba, masu bindiga suka bi bayansa.