Ni Na Sa Anka Farke Gangar Ubana

Lokacin ina saurayi, akawu ne ni a ofishin duwan, wato kwastan, na bakin gadar Malanville, zamanin soja da kowa ke kiran kowa kamarad. Kamarad ɗin banza! Ni ɗan masunta ne daga Garu, ubana makaɗi ne, shi ke yi wa masunta kiɗi in za su shiga gulbi. Amma na yi lakwal, wato boko, na sa kwat, na kama zama da ɗiyan manyan 'yan kasuwa, sai na ɓoye asalina. A bakinsu kiɗinmu ba kiɗi ba ne, hayaniyar baƙaƙe ce masu ƙarnin kihi, jikokin bayi. In sun faɗi haka ni ke fara dariya, har in ƙara musu gishiri.

Wata shekara anka ce babban kumandan zai zo, anka sa ni cikin masu tsara filin tarba. Da hantsi sai ga masuntan Garu da gangunansu, ba wanda ya kira su, tsohona na gaba. To, a wurinmu kowane gida da takenshi, in makaɗi ya buga naka, ko sarki ne kai sai ka ɗaga hannu ka amsa. Yana hango ni ya saki taken gidanmu, don murna ɗanshi ya zama mutum. Wallahi hannuna har ya motsa, na danne shi. Wani abokina ya toshe hanci, ya tambaya wa ya bari ƙazaman nan sunka shigo. Ni, da bakin nan nawa, na kira jandarma na ce ya kore su. Shi kuwa kamar jira yake, ya zaro wuƙa ya farke fatar gangar ubana. Tsohona ya dube ni, ya rataya abarshi ya juya.

Fata wata tsiya ce? Akuya ɗaya ta isa. Amma ya ƙi sake ta. Inna ta aiko mini cewa ya ce gangar da ɗanka ya ƙi amsawa ba ta da sauran magana. Na ce sai hushinshi ya huce in tahi. Ƙarya nike, tsoro nike ji kar a gan ni a Garu. Damina biyu tsakani ya rasu.

Abin da ke ƙona mini rai, masu toshe hancin nan su ne ke rawa yau in an sa kiɗin masunta a rediyo, wai al'adarmu ce. Munahukai! Amma na fi jin haushin kaina, don su ba ubansu ba ne. Jama'a, duk wanda ya rena kiɗin gidanku, ku ya rena, kar ka taya shi don ya ba ka kujera. Na bi makaɗa tun daga Garu har Madekali ina roƙon a buga mini taken gidanmu in ɗaga hannu ko sau ɗaya. Babu wanda ya riƙe shi a ka.