Baffa Ladan da Kujerar Makka

Ku da kuka san Baffa Ladan, yayan mahaifina, kun san ba ya hawa babur shiru. Sai ya tsaya gaban majalisar dattawan garinmu Shagari, ƙafa ɗaya a kan kika, ya ɗaga murya: "Jama'a ku shaida! Za ni Bodinga sayen taki. Ni nis sha mai, babu hannun hukuma!" Sannan ya tayar, ya bar mutane suna dariya.

Abin ya samo asali ne lokacin da yake kansila. Ya ji a rediyo cewa duk mai muƙami in zai fita waje sai ya bayyana inda za shi da wanda ya biya masa. Shi ke nan, Baffa ya riƙe. Na ce, "Baffa, ƙasar waje fa aka ce, irin su Dubai da Landan."

Ya harare ni. "Bodinga cikin ɗakinka take? Duk inda ba Shagari ba, waje na!"

Har ya sauka daga kansila bai daina ba. Wata rana ya shelanta Bodinga, a hanya aka gaya masa an yi rasuwa a Kajiji. Wallahi sai da ya juyo gida, ya sake tsayawa gaban majalisa. "Ku gyara, Kajiji za ni!" Kafin ya isa har an dawo daga maƙabarta.

Bai kuma bar wasu sun huta ba. Wani tsohon abokin aikinsa ya ɓace kwana da kwanaki, ya dawo fes yana ƙamshin turaren ƙasar waje, wai yana kwance asibiti a Sakkwato. Baffa ya matso a wajen suna, ya shinshina rigarsa. "Sannu da jiki, Alhaji. Da turare anka yi maka ƙarin ruwa?" Mutumin bai tsaya cin tuwo ba.

Amma akwai tafiya ɗaya da Baffa ya yi ta buri duk rayuwarsa: Makka. In ana rakiyar alhazai, shi ne na ƙarshen barin tasha. Ana nan sai wani babban ubangidansu na siyasa ya kira shi gefe, ya ce ya ba shi kujera, da sharaɗin kada kowa ya ji daga inda ta fito. Matarsa, Inna Kulu, har ta fara ɗinke masa jaka. Ta roƙe shi, "Malam, don Allah wanga karo ka kama bakinka."

Ya kama, na yini guda. Washegari ya je gidan mutumin da kansa.

"Ranka shi daɗe, kuɗɗinka na ko na jama'a?"

"Kai Ladan, mi ya dame ka? Tahi ka yi ibadarka."

"In tsaya gaban ɗakin Allah ban san wa yab biya ba? In anka tambaye ni, mi za ni cewa?"

Kujera dai ta koma hannun wani. Inna Kulu ta yi fushi har ta daina sa masa yaji a fura. Ni ma na ji haushinsa ƙwarai, don na san ƙarfinsa ya fara ƙarewa, wata damar ba lalle ta zo ba. Ba ta zo ba kuwa.

Da alhazai suka dawo, Baffa ne ya fara zuwa yi wa wanda ya gaji kujerar barka. Ya sha zamzam a tsaye, ya zauna kusa da shi, ya ce, "Alhaji, hwaɗa mini, ƙaƙa Makka take in ka gan ta da ido?" Mutumin yana bayani, Baffa yana goge ido da bakin rawani. Da ya ga ina kallonsa sai ya ce, "Kai, kau da kai. Albasa ta anka yanka cikin gida."

Babu wata albasa, a zaure muke.

Allah ya jiƙan Baffa Ladan. Allah ya rubuta masa hajjin da ƙafarsa ba ta taka ba, ya sa ya ga abin da ya fi wanda aka ba shi labari. Amin.