Rantsuwar Taubasai Biyu

Babana Musulmi ne, taubashinsa kuwa dattijon coci ne a ƙauyen Duvu, kusa da Mubi. Uwar taubashin da uban Baba ciki ɗaya suka fito, don haka al'ada ta ba su lasisin cin mutuncin juna har abada. Mu Baffa muke ce masa. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sun gaisa kamar mutanen kirki ba. Sauran taubasai kan tsokani juna da sanƙo ko rowa, su kuwa addini suka riƙa.

Bayan an kori 'yan bindiga daga Mubi mun dawo gida, sai garin ya cika da sabbin jami'ai, kowa kunnensa a tsaye. Wata ranar kasuwa cikin azumi, Baffa ya taras da mu a bakin hanyar Lamorde yana shan rake. Ya matso har gaban hancin Baba yana tsotsa.

"Kai, azumin ƙarya! Na gan ka bayan rumbu kana shan kunu."

"Ka ji mai ibada," in ji Baba. "Ku ci rawa ranar Lahadi, ku ce Allah ya karɓa."

Wani ɗan sanda baƙo da ke kusa ya cafke hannun Baffa, wai ya ci zarafin addini a bainar jama'a. Mutane suka fara taruwa, ni kuwa na san abin da taro irin wannan ke haifarwa.

A ofis, babbansu ya karanta mana doka da murya mai kauri: duk wanda ya wulaƙanta addinin wani, ɗauri ne. Doka ce mai kyau, ban musa ba. Abin da ya ba ni haushi, tana nan kwance a littafi lokacin da ake ƙona coci-coci, ake yi wa limamai wa'azi da bakin bindiga, ba ta ko yi tari ba. Sai da ta ga tsofaffi biyu da guntun rake ta farka.

Babban jami'in ya dubi Baba. "Alhaji, kai aka zalunta. Kana ƙara?"

"Ranka ya daɗe, mamansa da babana uwa ɗaya ne. Ya zage ni, gaskiya ne. Amma nawa zagin ya fi nasa daɗi."

Ya kuwa maimaita masa, har da ƙari. Nan take aka haɗa su biyu aka kulle. Ina daga waje ina jiyo su suna gardamar addinin wa ya jawo musu sauro.

Da la'asar limaminmu da faston Duvu suka zo tare suka yi ta ba da haƙuri. Babban jami'in ya yarda ba zai kai su kotu ba, da sharaɗi ɗaya. Aka kawo Alƙur'ani, Baba ya yi alwala ya dafa. Aka kawo Littafi Mai Tsarki, Baffa ya dafa. Kowa ya rantse ba zai sake taɓa addinin ɗan'uwansa da wasa ba. Jami'in ya yi ta murmushi, ya ce yau ya kawo zaman lafiya Mubi.

Da yake su biyun masu tsoron Allah ne na gaske, suka riƙe rantsuwar. Sun gwada tsokanar juna da gona da haƙoran da suka zube, abin ya ƙi armashi. Da Sallah Baffa ya zo ya ce, "Allah ya karɓi ibada, Alhaji." Baba ya ce amin. Suka ci nama shiru kamar surukai. Na ji tausayinsu ƙwarai.

Damina biyu bayan haka Baffa ya rasu. A wajenmu, taubashi ne ke tsayawa bakin kabari ya tsokani mamaci, a yi dariya cikin kuka, sannan a rufe. Jama'ar Duvu suka buɗa wa Baba hanya, har faston ya ja da baya yana jira. Na dubi Baba, na san akwai magana a bakinsa, mai zafi kuwa. Ya daɗe yana kallon akwatin, sannan ya ce, "Mutumin kirki ne."

Matar Baffa ta ɗago kai ta dube shi.

"Har kai ma? To yanzu na yarda ya mutu."